Jarin noma da ƙaramar sana'a: banki, kamfani, ɗan kasuwa ko adashi?

A watan Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da karɓar sababbin takardun neman rance a shirye-shiryensa na tallafi. Daga nan manomi da mai ƙaramar sana'a suka koma inda suke a da, kowa ya nemi jarinsa a kan farashin kasuwa. Kasuwar kuwa ba ta da sauƙi. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100, kuma bankunan kasuwanci sai sun ɗora nasu a kai kafin su ba ka. Amma ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa sun fi na da yawa. Ga ƙananan bankuna, ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, ga kamfanonin da ke ba da taki da iri a biya da kaka, ga manhajojin waya, sannan ga ɗan kasuwa da uwar adashi, waɗanda duk suka riga waɗancan zuwa.

Yawancin masu neman rance da tambaya ɗaya suke shiga: nawa ne ruwan? A ganina akwai wadda ta riga ta, wato yaushe zan fara biya? Mai sayar da abinci a bakin tasha kullum kuɗinta na juyawa. Mai shagon kayan masarufi kafin mako ya zagayo ya ga ciniki. Manomin masara a Saminaka ko Giwa kuwa yana zuba kuɗi a ƙasa tun watan Yuni, ba zai ga ko ƙwandala ba sai Oktoba ko Nuwamba. Mai turkar raguna wata uku ko huɗu zai yi yana sayen dusa da harawa, cinikinsa duka a 'yan kwanakin da ke gaban Babbar Sallah yake. Mai injin gyaran shinkafa a Kura bukatarsa ma biyu ce: inji, wanda sai ya yi shekara biyu ko uku kafin ya fanshi kansa, da kuɗin sayen shanshera da kaka, wanda zai dawo cikin 'yan watanni. Rancen da ya yi wa ɗaya daga cikinsu daidai shi ne zai karya ɗaya. Da wannan ma'aunin zan bi hanyoyin, tare da wata tambayar da ba a cika yi ba sai abu ya ɓaci: in gona ba ta yi ba, ko farashi ya faɗi, a kan wa asarar za ta sauka?

Ƙaramin banki: sauƙin shiga, tsadar fita

Ƙananan bankunan da ake kira maikurofainans su ne suka fi kusa da talaka. Ba sa neman takardar fili. BVN, katin shaida, masu tsaya maka mutum biyu, a zo a ga shagonka da ido, cikin mako ɗaya ko biyu kuɗi ya shigo. Wasunsu, irin su LAPO, sun yi suna ne da ba wa mata rance a ƙungiyance, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne lissafi. A ce an ba ka naira 500,000 a kan kashi 4 a wata, na wata shida. Ruwan wata 20,000 ne, na wata shida 120,000, za ka mayar da 620,000, wato kimanin 103,000 duk wata. Kashi 4 a kunne ba shi da nauyi. To amma duba, bayan wata uku ka riga ka mayar da rabin uwar kuɗin, duk da haka 20,000 ɗin nan kake ci gaba da biya kamar dukan 500,000 na hannunka. In aka auna da kuɗin da ya rage a hannunka a zahiri, ruwan yana tsakanin kashi 6 da 7 ne a wata, fiye da kashi 70 a shekara ke nan. Ba a ma sa kuɗin fom da na inshora ba, da ajiyar dole da wasu bankunan ke riƙewa har sai ka gama biya. Saboda haka kafin ka sa hannu ka tambayi ma'aikacin: ruwan a kan uwar kuɗi yake tun daga farko har ƙarshe, ko yana raguwa da raguwar bashi? Ka ce ya rubuta maka lambobi biyu a takarda, abin da zai shigo asusunka bayan an cire komai, da jimillar abin da zai fita daga aljihunka.

Wannan tsadar ba mugunta ba ce zalla. Bibiyar rancen dubu ɗari biyu da bibiyar na miliyan ɗari biyu kusan wahala ɗaya ce, ma'aikaci ne zai hau babur ya je, kuma su kansu ƙananan bankunan da tsada suke samo kuɗin. Mai kayan da ke juyawa sau uku ko huɗu a wata, yana cin ribar kashi 10 a kowane juyi, zai iya ɗaukar wannan nauyin har ya ga saura. Manomi ba zai iya ba. Biyan farko zai zo masara ba ta kai gwiwa ba, sai ya sayar da akuya ya biya, wata na biyu ya sayar da buhun takin da ya ajiye don zubi na biyu. Ya ci bashi don ya yi noma, bashin ya cinye noman. Sai fa in bankin yana da tsari na musamman na biya bayan girbi, kuma an rubuta haka ƙarara a yarjejeniya.

Wanda zai ajiye kuɗi a irin wannan banki ya duba ko yana da lasisin Babban Banki da alamar NDIC, hukumar inshorar kuɗin da aka ajiye a banki. A watan Mayun 2023 an soke lasisin fiye da 100 daga cikinsu lokaci guda. Tun 2024 inshorar NDIC tana rufe ajiya har naira miliyan 2 a ƙaramin banki, miliyan 5 a bankin kasuwanci.

Manhajojin rance na waya ba sa bukatar dogon bayani. Kuɗi kaɗan ne, wa'adi gajere, ruwa mai zafi. Cin mutuncin da wasunsu suka riƙa yi, suna tura saƙo ga duk lambar da ke wayar wanda ya makara, shi ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta tilasta musu rajista a 2022. Ba jarin sana'a ba ne. Wanda ya ɗan bambanta shi ne rancen da kamfanoni irin su Moniepoint ke ba masu amfani da na'urarsu ta POS, domin cinikinka da ke bi ta na'urar suke dubawa a madadin jingina. Ga mai shago da bai damu da batun ruwa ba, yana iya zama mafita ta 'yan makonni. Ga gona ba shi da wani amfani.

Bankin kasuwanci da bankunan gwamnati

Ruwan bankin kasuwanci ya fi na ƙaramin banki sauƙi nesa ba kusa ba, wa'adinsa ma ya fi tsawo. Matsalar ita ce bakin ƙofa. Suna son rajistar kasuwanci ta CAC, bayanan shige da ficen asusu na wata shida ko shekara, da jingina, wadda a bakinsu kusan kullum takardar mallakar fili ce mai sa hannun gwamna. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, gonakinmu kuma mafi yawansu na gado ne, shaidarsu ita ce mai unguwa da maƙwabtan iyaka. Mutum na da kadada goma da babu mai ja da shi a kansu, amma a idon banki ba shi da komai.

An yi ƙoƙarin toshe wannan giɓin ta hanyoyi da ba kowa ya san da su ba. Tun 1977 akwai asusun lamunin rancen noma da gwamnatin tarayya da Babban Banki suka kafa, wanda ke ɗaukar wa banki har kashi 75 na abin da manomi ya kasa biya. Kamfanin NIRSAL ma irin wannan lamunin yake bayarwa. A 2016 an buɗe rajistar kadarorin da ake iya ɗagawa, aka yi mata doka a 2017, don inji, mota, dabbobi ko hatsin da ke sito su iya tsayawa a matsayin jingina. In manaja ya ce maka sai takardar fili, ka tambaye shi waɗannan. Ba dole ya yarda ba, domin lamunin bai tilasta masa ba da rance ba, amma tambayar tana nuna masa ka san abin da kake yi. Kada kuma ka ɗauka lamunin yafiya ce a gare ka. Bankin ake kare wa asara, kai bashinka yana nan. Tun 2020 ma akwai tsarin da ya ba banki damar bin BVN ɗinka ya cire kuɗinsa daga asusunka na wasu bankunan, sunanka kuma ya shiga kundin masu taurin bashi.

Bankin Masana'antu, BOI, shi ya fi dacewa da mai sarrafa amfanin gona da ke son inji: ruwansa ƙasa da na kasuwa, wa'adi na shekaru, sau da yawa da 'yan watannin sarari kafin a fara biya. Sai dai takardu da jira. Bankin Manoma, BOA, mai hedikwata a Kaduna, tun farkon shekarun 1970 yake, kuma ya daɗe yana fama da ƙarancin jari da basussukan da ba a biya ba. Ka kai takardunka, amma kada ka ɗora shirin daminarka a kansa shi kaɗai. Bankin Raya Ƙasa na DBN, da ya fara aiki a 2017, ba ya ba mutum kuɗi hannu da hannu, ta wasu bankunan yake bi, don haka a bankinka za ka tambaya ko suna da kuɗinsa.

Bankunan da ba ruwa

Mutane da yawa a Arewa ba rashin jingina ne ya hana su zuwa banki ba, tsoron riba ne. Wannan uzurin ya ragu. Jaiz ya buɗe a 2012 da rassa uku, Abuja, Kano da Kaduna, bayan ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a zamanin Sanusi Lamido Sanusi. TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, Alternative Bank a 2023, ban da ƙananan bankuna masu irin wannan tsari. Kowannensu yana da kwamitin malamai da ke duba mu'amalolinsa.

Abin da za a fi yi maka tayi shi ne murabaha. Kana son injin casa na naira miliyan 2, misali. Bankin ne zai saya ya zama nasa, sannan ya sayar maka a kan farashin da kuka yi ittifaƙi, a ce miliyan 2 da rabi, ka biya kaɗan-kaɗan cikin wata 18. Akwai kuma ijara, inda injin zai ci gaba da zama na banki kana biyan haya har ya dawo naka.

Abu biyu ne ke ba wa sababbin zuwa mamaki. Na ɗaya, ba araha ba ce. Kasuwanci bankin yake yi, ba sadaka ba, kuma in ka auna ribar da ya ɗora za ka ga ba ta yi nisa da ruwan sauran bankuna ba. Shi ma zai nemi ka kawo wani kaso na kuɗin, zai nemi masu tsaya maka ko jingina. Na biyu, ba a ba ka kuɗi a hannu. Taki, inji, buhunan shanshera, kayan shago, duk za a iya saya maka. Kuɗin 'yan ƙwadago da na man injin ban ruwa na yau da gobe kuwa ba sa shiga murabaha cikin sauƙi, sai ka tanade su ta wata hanya.

To mene ne fifikonsa ban da kwanciyar hankali ta fuskar addini? Farashin ba ya motsi. Wanda ya ci rancen bankin kasuwanci a farkon 2024 ya ga yadda aka riƙa ɗaga masa ruwa duk lokacin da Babban Banki ya ɗaga nasa, sau da dama a shekara guda. Mai murabaha miliyan 2 da rabin nan ita ce har ya gama. In ya makara ana iya cin sa tara, amma tarar ba ta zama ribar banki, sadaka ake yi da ita, bashin kuma ba ya haihuwa. Rashin ba da kuɗi a hannu ma ni ban ɗauke shi aibi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe miliyan biyu a gidan da ake shirin biki ya san yadda jari ke zama kayan ɗaki.

Kada dai a ruɗe da cewa bankin Musulunci yana raba asara da kai. A murabaha ba ya rabawa. Da zarar kaya sun shiga hannunka bashi ne a wuyanka, ko ambaliya ta ci gonar. Tsarin da ake raba riba da asara, musharaka da mudaraba, bankuna ba sa sakin jiki su yi shi da ƙaramin ɗan kasuwa, domin ba shi da littafin da za a duba a san ribar gaskiya. Irin wannan haɗin gwiwar a kasuwa aka fi samun sa, inda ubangida ke ba yaronsa jari a raba riba, ko wani ya saya wa makiyayi bijimi ya turke a raba abin da aka samu. In aka faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Babu rancen da ya kai wannan sauƙi ga mai sana'a, illa dai sai wanda ya yarda da kai ne zai ba ka, kuma rashin rubutawa ya raba zumunci da yawa.

Bashin da ake biya da kaka

Ga manomin damina, wannan ne kaɗai aka ɗinka daidai jikinsa. Iri biyu ne.

Na farko kamfanoni ne irin su Babban Gona, da ya fara a jihar Kaduna a 2012, da ThriveAgric da AFEX. Ba kuɗi suke bayarwa ba, kaya ne: iri, taki, maganin feshi, wani lokaci da malamin gona mai zagayawa. Manoma suna shiga a ƙananan rukuni, a auna gona, da kaka a biya da hatsi. Babu biyan wata-wata, babu takardar fili, kuma mai saye yana jira. Shirin rancen manoma na Babban Banki, Anka Borowa, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 a kan wannan tsarin aka gina shi, da ruwa kashi 9 kacal. An fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kawai aka mayar, Babban Banki ya musanta ya ce kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, kusan rabi ko fiye bai dawo ba. Ambaliya da 'yan bindiga sun taka rawa, kayan da suka riƙa isowa a makare ma haka, da manoman bogi da aka cusa a jerin sunaye. Amma akwai kuma waɗanda suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka sayar da takin a bakin hanya. Kamfani mai zaman kansa ba zai yi wannan sakacin ba. Zai zo gonarka ranar girbi, kuma in ɗaya a rukuninku ya gudu, sauran ne za su ji a jikinsu. Don haka zaɓen abokan rukuni ya kai zaɓen kamfani muhimmanci.

Tambayar da ta fi kowace a nan ita ce: bashin da naira aka rubuta shi ko da buhu? In an ce ana bin ka naira 300,000, za a karɓi masara a farashin ranar biya, to faɗuwar farashi a kanka take. Buhu yana 50,000, shida za ka bayar. Ya sauko 30,000, goma za ka bayar. In kuwa tun farko an ce buhu bakwai ne, to bakwai ɗin ne ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Wannan ba lissafin takarda ba ne kawai. Bayan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150 a 2024, farashin hatsi ya yi ƙasa sosai a 2025, taki kuma bai sauko tare da shi ba. Wanda ake bi naira ya ga buhunansa suna tafiya ninki. Haka nan ka tambayi farashin da aka yi wa kowane buhun taki a lissafin, ka gwada da na kasuwa, domin a nan ne ribar kamfani kan ɓuya. Ka tambayi wa ke da sikeli, nawa ake cirewa don danshi ko tsakuwa, kuma ko dole ne ka sayar musu da ragowar bayan ka biya.

Na biyu shi ne ɗan kasuwa ko dillalin hatsi da ke ba ka kuɗi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya karɓi buhu da kaka. Ba fom, ba jira, kuma kuɗi ne a hannu, za ka iya biyan 'yan ƙwadago. A shari'a wannan shi ne salam, kuma halal ne in an cika sharuɗɗa. Hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari da Muslim ya nuna Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna irin wannan ciniki, ya umarce su da su yi shi da sanannen mudu, sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. Kuɗin kuma a biya shi duka tun farko. Abin da bai halatta ba shi ne a ba ka buhun masara ɗaya yau ka mayar da biyu da kaka. Tsadarsa ta danganta da yadda ka matsu. In ya ba ka 30,000 a kan buhu, kaka ta zo ana sayar da shi 45,000, ka biya rabin kuɗin ƙari a wata uku, ya fi ƙaramin banki zafi. In farashi ya faɗo 27,000, shi ya ji ciwo. Ka sayar masa da haɗarin farashi ke nan, amma haɗarin gona yana wuyanka: in fari ya yi, sai ka shiga kasuwa ka sayo buhunan ka ba shi. Shi ya sa bai kamata mutum ya ɗaure fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da gonarsa ta saba bayarwa ba, a nawa ganin. Ya dai fi jinginar da gonar kanta, wadda ke raba ka da abin da za ka biya bashin da shi.

Inshora tana shigowa a nan. Hukumar inshorar noma ta NAIC tun 1987 take, kuma rancen noma da yawa akwai kuɗinta a ciki ko an gaya maka ko ba a gaya maka ba. Manoman tumatir na Kadawa da tsutsa ta share wa gonaki a 2016, da na shinkafa a Jigawa da ambaliyar 2022 ta shafa, sun san bambancin mai inshora da marar ita. Ka nemi sanin me ta rufe, wa za ka kira, kuma cikin kwana nawa dole ka kai rahoto.

Adashi da akwati

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, amma ba kowace bukata ce sai da bashi ba. Adashi ba shi da ruwa, ba shi da jingina, kuma in uwar adashi mai fahimta ce za a iya tsara kwasa ta dace da lokacin kowa: manomi ya ɗauka a Mayu, mai raguna wata huɗu kafin Sallah. Rauninsa uku ne. Ba ya wuce ƙarfin masu zubi, babu inda za ka kai ƙara cikin sauƙi in wani ya kwasa ya ɓace, sannan hauhawar farashi tana cin na ƙarshe. A Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8, ma'ana miliyan ɗaya da aka kwasa a ƙarshen shekarar kusan kashi uku cikin huɗu na kayan farkon shekara take saye.

Ingantaccen salonsa daga ƙasar Hausa ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Mata suna zubi duk mako a akwati mai makullai da ke hannun mutane daban-daban, mai bukata ta ranta daga ciki ta mayar, a ƙarshen zango a fasa a raba. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Ya fi adashi domin ba sai layinki ya zo ba, kuma komai a gaban kowa ake yi. Wasu ƙungiyoyin suna ɗora ɗan ƙari a kan rancen, wanda ke komawa akwati, wasu sun cire shi saboda addini, sai a tambaya kafin a shiga. Ga mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ko mai turara shinkafa a gida, da ke bukatar dubu hamsin zuwa ɗari biyu, ban ga abin da ya fi wannan ba. In ƙungiyar ta yi rajista a matsayin ta gama-kai ta buɗe asusu, littafinta na shekara biyu ya zama shaidar da banki zai duba.

Wa ya kamata ya nufi ina

Manomin damina mai kadada ɗaya zuwa biyar ya fara da kamfanin da ke ba da kaya a biya da kaka, in akwai shi a yankinsa kuma waɗanda suka yi da shi bara sun yaba. Kuɗin ƙwadago ya fito daga adashi, ko salam a kan buhuna kaɗan. Ya nisanci duk rancen da ke fara neman biya kafin girbi, komai ƙanƙantar ruwansa. Mai noman rani na kayan gwari da ke ɗiba duk mako zai iya jure biyan wata-wata, amma sai an ba shi sararin wata biyu ko uku na farko.

Mai inji ya raba bukatunsa biyu. Injin ya bi ta murabaha, ijara ko BOI, da wa'adin da bai gaza shekara biyu ba. Kuɗin shanshera ya zama na gajeren zango daban. Kuskuren da ya fi kashe masu sarrafawa shi ne sayen inji da rancen wata shida. Mai shago da mai abinci su ne kaɗai ƙaramin banki ya dace da su, su ma sai ribar juyin kayansu a wata ta ninka ruwan aƙalla sau biyu. Mai turka ya nemi mai kuɗin da za su raba riba, su rubuta a gaban shaidu biyu.

Duk wanda yake da niyyar zuwa bankin kasuwanci nan da shekara guda, aikinsa daga yau yake farawa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi rajistar suna a CAC, ya buɗe asusun sana'a daban da na cefane, ya bar cinikinsa ya riƙa bi ta ciki ko da zai cire washegari, ya sayi littafi yana rubuta saye da sayarwa. Mai neman na damina kuma ya kai takardunsa tun Fabrairu ko Maris, ya sa a rubuta ranar da kayan za su iso hannunsa, da abin da zai faru in suka makara. Takin da ya zo a watan Agusta masara ta riga ta wuce shi, amma kuɗinsa cif za a karɓa da kaka.